Kafin Ka Canza Babban Allon Kwamfuta, Ka Fara Bincikar Akwatin Wuta

 

Waɗanda suka halarci taron wata da ya gabata sun ji bayanin da muka yi a kan kwamfutar ofishin ƙungiya, sun kuma ga yadda aka ɗan yi ka-ce-na-ce a kan kuɗin da aka kashe sau biyu a gyara ɗaya. Har yanzu wasu na cewa mai gyara ne ya cuce mu. Mun ga ya dace mu fito nan mu faɗi abin da ya faru, domin laifin namu ne, kuma darasin ya wuce ofishinmu. Yaranmu da yawa yanzu da kwamfuta suke neman abinci: masu buga takardu, masu zanen katin biki, masu koya wa ɗalibai atisayen jarabawar JAMB, masu tura karatu da wa'azi a waya. Mafi yawansu kwamfuta ɗaya ce jarinsu kaf. Idan ta mutu, shago ya rufe.

Kwamfutar ofishinmu ta tebur ce, tokumbo muka saya shekarun baya. A cikinta rajistar 'yan ƙungiya take, da lissafin kuɗin wata, da asusun taimakon gaggawa da na jana'iza. Wata safiya aka danna ta ƙi tashi. Muka kira mai gyara, ya duba ya ce babban allon ne ya ƙone, wato faffaɗan allon nan da komai na kwamfuta ke maƙale a jikinsa, wanda masu gyara ke kira madabod. Ya ce a canza shi, ya kuma ƙara da cewa bai yarda da akwatin wutar ba, wanda su ke kira pawa pak, gara a haɗa su biyu a canza. Mu kuwa kuɗin allo kaɗai kwamiti ya amince. Muka ce masa ya jona mu gani. Ya jona, fankar akwatin ta juya. Muka ce to ai lafiyarsa ƙalau, kada a ƙara mana kashe kuɗi. Mutumin ya yi shiru, ya ɗaura sabon allo a kan tsohon akwati, ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Ba a yi wata guda ba, ana tsakiyar aiki aka ji ƙauri. Sabon allon ya tafi, kuma wannan karon ya tafi da faifan ajiya, inda duk bayananmu suke. Kwafin ƙarshe da muke da shi a filashi ya kai wata bakwai. Sai da muka koma kan guntayen rasit da littafin ma'aji muna haɗa lissafi da hannu. A cikin waɗannan makonnin ne aka yi mana rasuwa, iyalan mamacin suka zo karɓar haƙƙinsu daga asusu, muka kasa faɗa musu nan take ko nawa ya tara. Mace tana takaba, da marayu a gabanta, muna ce mata ta ƙara haƙuri muna bincike. Wannan kunyar ta fi mana asarar kuɗin ciwo. Garin neman gira muka rasa ido.

Ra'ayinmu bayan wannan shi ne: duk wanda zai canza babban allo, ya ɗauki akwatin wuta a matsayin rabin cinikin. Ba mu ce dole sai an sayi sabo kowane lokaci ba. Abin da muke cewa, kada a jona sabon allo a tsohon akwati sai an tabbatar da abu biyu, cewa akwatin yana da lafiya, kuma cewa shi da allon sun dace da juna. Juyawar fanka ba shaida ba ce, shigar filogi cikin soket ma ba shaida ba ce.

Bari mu faɗi dalili, kamar yadda muka fahimta bayan mun zauna da masu sana'ar. Wutar da ke fitowa daga bango a Najeriya bolt 230 ce. Babu wani abu a cikin kwamfuta da zai iya shan wannan kai tsaye. Aikin akwatin wuta shi ne ya sauko da ita zuwa bolt 12, bolt 5 da bolt 3.3, ya tace ta, sannan ya raba. Idan ka buɗe kwamfuta ka ga wayoyi kala-kala, ruwan ɗorawa ta bolt 12 ce, ja ta bolt 5, ruwan lemo ta bolt 3.3, baƙa kuma ta ƙasa ce. Ƙa'idar da aka gindaya ba ta yarda waɗannan layukan su kauce fiye da kashi 5 cikin 100 ba, wato layin 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. Allo, furosesa, RAM, faifan ajiya, duk daga wannan tukunya ɗaya suke ci. Idan tukunyar ta lalace, gidan gaba ɗaya ne zai kwanta.

A cikin akwatin akwai wasu 'yan gwangwanaye da ake kira kafasita, su ne ke daidaita wutar. Zafi da tsufa suna busar da su, wani lokaci har su kumbura. Ku duba yanayin da kwamfutocinmu ke aiki: shago ƙarami babu iska, ƙura ta toshe fanka, damshin damina, a ɗauke wuta a kawo sau biyar a wuni, a koma janareta, a dawo NEPA. Akwatin da ya riga ya yi shekaru yana aiki a ofishin Turai ko Amurka kafin ya iso Apapa, ya zo ya ƙara wasu shekarun a haka, zai iya ci gaba da juya fanka alhali wutar da yake fitarwa tana hawa tana sauka. A ofishinmu abin da ya faru ke nan. Akwatin ne ya kashe allon farko, muka bar shi a ciki, muka kawo masa na biyu. Don haka tambayar farko idan allo ya ƙone ita ce, mene ne ya ƙona shi? Idan mai gyara bai da amsa, akwatin wuta ne abin zargi na farko har sai an gwada shi.

Wannan ke nan game da lafiya. Dacewa kuma wani babi ne daban, domin akwati yana iya zama sabo fil amma bai dace da allonka ba.

Tsarin da yawancin kwamfutocin tebur ke bi ana kiransa ATX, kamfanin Intel ne ya fito da shi a 1995. Da farko babban filogin da ke shiga allo haƙora 20 gare shi. A shekarar 2000, lokacin furosesa Pentium 4, aka ƙara wani ƙaramin filogi mai haƙora 4 na bolt 12 wanda ke ciyar da furosesa ita kaɗai. A 2003 aka faɗaɗa babban filogin ya koma haƙora 24, domin allo ya iya ba katin hoto wuta ta ramin PCI Express. Daga baya alluna da yawa suka koma neman haƙora 8 a wajen furosesa maimakon 4. Shi ya sa za ka ga akwatuna masu kyau suna da filogi mai rabuwa, 20 da ƙarin 4, da kuma 4 da ƙarin 4, domin su shiga tsohon allo da sabo. Wanda ke riƙe da tsohon akwati mai haƙora 20 zai iya cusa shi a soket mai 24 ya bar ramuka huɗu a buɗe, kuma sau da yawa kwamfutar za ta tashi. Amma ranar da aka ɗora mata katin hoto ko aiki mai nauyi, wayoyi kaɗan ne ke ɗaukar kayan da aka tsara wa masu yawa, sai zafi, sai filogi ya yi baƙi ya narke. Wanda kuma ya manta bai jona filogin furosesa ba, zai ga fanka na juyawa amma fuskar kwamfuta baƙi ƙirin, ya koma kasuwa yana rigima wai an sayar masa da mataccen allo.

Inda gizo ya fi yin saƙa a wurinmu shi ne kwamfutocin ofis na manyan kamfanoni, domin su ne suka cika kasuwar tokumbo, daga Computer Village ta Ikeja har Alaba. Dell, HP da Lenovo suna da samfura da yawa waɗanda ba sa bin tsarin ATX na gama-gari. Za ka tarar da babban filogi mai haƙora 6, ko 8, ko 10, ko 14. Wasu daga cikin akwatunan nan bolt 12 kaɗai suke fitarwa, allon ne da kansa ke sauko da ita zuwa 5, kuma daga jikin allon wayar faifan ajiya ke fita. Ba aibu ba ne, haka aka ƙera su, kuma suna aiki lafiya da junansu. Matsalar tana zuwa ne idan allon irin wannan kwamfuta ya mutu, mutum ya je ya sayo allo na gama-gari saboda ya fi samuwa. Ya dawo shago sai ya tarar filogin bai shiga ba, ramukan kusoshi ma ba su yi daidai ba. A nan ne wasu ke fara yanke waya suna haɗi da salatif. Akwai wayoyin canji da ake sayarwa, amma kowace an yi ta ne domin takamaiman samfuri, ba a saya da ido. Mai irin wannan kwamfuta zaɓi biyu gare shi: ya nemo allo na samfurinta sak, ko ya shirya canza allo da akwatin wuta, wataƙila har da gidan kwamfutar.

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane ba ce, kuma a harkar nan maganar tana da haɗari. Wasu tsofaffin kwamfutocin Dell na zamanin Pentium II da Pentium III filoginsu kamarsa ɗaya da na ATX, yana shiga daram, amma jerin wayoyin ciki daban ne, wanda ya haɗa su da na gama-gari yana iya ƙona allo ko akwati. Waɗannan sun yi ƙaranci yanzu, amma irin tarkon yana nan a wasu wurare biyu. Na farko, filogin furosesa mai haƙora 8 da na katin hoto mai haƙora 8 sun yi kama ƙwarai, amma inda wancan ke da wuta, wannan ƙasa ce. An yanka bakinsu daban domin kada su shiga ramin juna, sai dai mai ƙarfin hannu yana iya danna shi ya shiga. Duk filogin da ya ƙi shiga da sauƙi, ba wurinsa ba ne. Na biyu, akwatunan zamani masu wayoyin da ake cirewa a mayar. Bakin da ke shiga allo iri ɗaya ne a duniya, amma bakin da ke shiga jikin akwatin kowane kamfani da yadda ya jera nasa, wani lokaci ko a kamfani ɗaya samfuri biyu sun bambanta. Wanda ya canza akwati ya bar tsofaffin wayoyi saboda ƙyuyar zare su, yana iya tura bolt 12 inda ake jiran 5, faifan ajiya ya ƙone nan take. Kowane akwati da wayoyinsa.

Sai maganar ƙarfi, wato wat. A nan ma mun saba a yaudare mu da babban lamba. Kwamfutar ofis da ba ta da katin hoto na daban ba ta cin wuta da yawa. Furosesa da yawa na irin wannan aiki wat 65 aka rubuta musu, kuma akwati nagari mai wat 300 ya ishe ta har da saura. Katin hoto ne ke canza lissafi: ramin allo yana ba shi har wat 75, filogi mai haƙora 6 yana ƙara 75, mai haƙora 8 yana ƙara 150. Yaranmu masu haɗa bidiyon biki su lura da wannan. Amma kada a tsaya a lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali. A duba takardar da ke manne a gefen akwatin, a nemo layin bolt 12, domin shi ke ɗauke da furosesa da katin hoto. Lissafin mai sauƙi ne, a ninka bolt da amfiya. Misali, idan an rubuta wat 500 a sama amma layin 12 amfiya 18 ne kawai, to 12 sau 18 ya ba da 216, wannan ne ainihin abin da zai iya ba manyan kayan. Akwai kuma tambarin 80 Plus, wanda ke nuna akwatin yana mayar da aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya sha zuwa aiki, sauran ne ke tafiya a zafi. Ga mai ƙona fetur a janareta wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai tambari ana iya buga shi a jabu, don haka a haɗa da ɗaga akwatin a hannu. Wanda ka ji shi shafal kamar gwangwanin madara, ka ajiye musu kayansu. Araha ba ta ado.

Akwai wani ɗan abu da ya sha cinye kayan mutane a ranar farko. A bayan tsofaffin akwatuna akwai ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Kayan da suka fito daga Amurka sukan zo a kan 115, domin shi ya dace da wutarsu. Idan aka jona shi a bangonmu a haka, ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi. Kafin a jona duk wani akwati na tokumbo, a leƙa bayansa a tabbatar 230 ake gani. Sababbi da yawa ba su da makunnin, suna karɓar daga 100 zuwa 240 da kansu, kuma an rubuta hakan a jikinsu. A kuma auna girma. Siraran kwamfutocin nan da ake kwantarwa a kan tebur akwatinsu dogo ne siriri, na gama-gari ba zai zauna a ciki ba.

Mun san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mana a taro. Wani dattijonmu ya ce da tsohuwar zuma ake magani, shi ya canza allo sau biyu a kan akwati ɗaya bai ga komai ba, kuma a halin da ake ciki na tsadar rayuwa ba kowa ke da kuɗin canza abu biyu a rana ɗaya ba. Maganarsa gaskiya ce, kuma ba mu musa ba. Akwatin ATX nagari mai haƙora 24, wanda bai tsufa sosai ba, yana iya yi wa alluna biyu ko uku hidima. Jefar da shi ɓarna ce. Inda muka rabu shi ne a kan yadda ake sanin nagarin. Shi ya dace ne, mu ba mu dace ba, kuma dukanmu babu wanda ya gwada. Gwajin kuwa ba shi da tsada. Mai gyara yana haɗa koriyar waya da baƙa a babban filogi akwatin ya tashi ba tare da allo ba, sannan ya sa mita ya auna kowane layi. Ya fi kyau a sake aunawa bayan an ɗora masa kaya, domin akwati mai rauni yakan nuna lamba mai kyau idan babu abin da ke jansa. Mita ba ta kama kowace cuta, shi ya sa idan akwatin ya tsufa kuma ba a san abin da ya kashe allon farko ba, mu dai shawararmu a canza. A mafi yawan lokuta akwati ya fi allo araha, kuma duka biyun ba su kai darajar abin da ke cikin faifan ajiya ba. Idan kuɗin bai kai ba, gara kwamfuta ta ƙara sati biyu a rufe da a sayi allo sau biyu. Gargaɗi ɗaya ga matasa masu son taɓe-taɓe: kada wanda bai koya ba ya kwance murfin akwatin wuta. Manyan kafasita na ciki suna riƙe wuta ko bayan an zare daga bango, kuma tana iya kisa.

Ga 'yan uwanmu masu sana'ar gyara kuma, muna da roƙo. Mai gyaranmu ya faɗi gaskiya sau ɗaya, da muka ƙi sai ya yi shiru. Mun fahimci dalili, yana tsoron a ce yana son ƙara kuɗi, ko mu ɗauki aikin mu kai wani. Amma da ya dage, ko ya ce a rubuta a rasit cewa ya ba da shawara an ƙi, wataƙila da mun sake tunani. Ku riƙa aunawa a gaban mai kaya, ku nuna masa lambar da mita ta nuna. Mu kuma masu kai gyara mu rage wannan hali na ganin duk shawarar da ta ƙara naira ɗaya a matsayin damfara. Mu ne ke matsa wa mai gyara har ya ɗaura abin da ransa bai kwanta da shi ba, in ya lalace kuma mu bi gari muna ɓata masa suna.

A ɓangarenmu, kwamiti ya amince da abubuwa uku. Daga yau duk gyaran da ya shafi babban allo, sai an auna akwatin wuta a gaban sakatare ko ma'aji kafin a fitar da kuɗi. Duk ranar Juma'a za a kwafi rajista da lissafi a wuri biyu, ɗaya ba a ofis zai kwana ba. Sannan an sa wa kwamfutar UPS, domin akwati komai kyawunsa yana jin jiki a irin wutar da muke samu. Ga wanda zai shiga kasuwa kuma, ya ɗauki hoton takardar gefen akwatinsa, da hoton filogansa, da lambar samfurin kwamfutar, ya nuna wa mai sayar da allo kafin a fara ciniki. Ya ƙirga haƙoran babban filogi da na furosesa, ya nemi a rubuta masa garanti a rasit ko da na sati ɗaya ne. Matambayi ba ya ɓata.

Iyalan marigayin sun karɓi haƙƙinsu cif, mun kuma je har gida mun ba su haƙuri. Muna neman afuwar dukkan 'yan ƙungiya a kan dukiyarku da ta salwanta a hannunmu. Matasanmu masu sana'ar kwamfuta da ke son a shirya musu zama da ƙwararru a kan wannan batu, su ba da sunayensu a ofis bayan sallar La'asar.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Wassalam.

Daga Sakataren Ƙungiya, a madadin Kwamitin Gudanarwa.